YADDA A KE AWON ZAFI A CIKIN ƘWAYAR HALITTA

Ba na tsammanin akwai wani a cikin kwalejin nan, malami ko ɗalibi, wanda ba a taɓa sa masa tsinken awon zafi a baki ko a hammata ba. Da mutum ya je ɗakin magani ya ce jikinsa ba daɗi, abin da a kan fara yi masa ke nan. In aka duba aka ga digiri 37, sai a ce ya koma aji. In kuwa ya kai 39 ko 40, sai a ba shi gado. Kun ga ashe tsakanin mai lafiya da majinyaci digiri biyu ne ko uku kurum. Wani likitan Jamus, Carl Wunderlich, shi ya kafa wannan adadi na 37 a cikin littafin da ya buga a 1868, bayan ya yi shekara da shekaru yana auna dubban majinyata.

To, amma wannan awo na jiki ne dungum. Shi jikin kuwa gini ne da aka yi da tubala ƙanana ƙwarai, waɗanda a ke kira ƙwayoyin halitta. Kowa ya sani a gida ɗaya madafa ta fi ɗakin kwana zafi, ɗakin kwana kuma ya fi gindin randa. Shin haka abin ya ke a cikin ƙwaya guda? Akwai inda ya fi wani wuri ɗumi? Waɗansu masana na ƙasar Japan sun ƙago wata dabara ta amsa wannan tambaya, amsar da suka samu kuwa ta ta da gardama wadda har yanzu ba ta kwanta ba. Ina so in bayyana muku dabarar, da amsar, da gardamar, domin a ganina akwai abin da mu masu shirin zama malamai za mu ƙaru da shi.

Ƙanƙantar ƙwaya

Mu fara da girman abin da za a auna. Ku ɗauki rula ku dubi tsakanin ƙananan zane biyu, watau milimita ɗaya. Irin ƙwayoyin da ke jikin mutum, in aka jera su kafaɗa da kafaɗa, sai kamar 50 sun shiga wannan ɗan tsakani. A jikin babban mutum akwai su wajen tiriliyan 30. Robert Hooke na Ingila shi ya fara ba su suna a 1665, sa'ad da ya dubi ɓawon wani itace da madubin ƙara girma, ya ga 'yan ɗakuna a jere kamar saƙar zuma.

Duk da ƙanƙantarta, ƙwaya kamar gari ta ke. Tana da ganuwa, watau wata fata siririya da ta kewaye ta. A tsakiya akwai cibiya, inda a ke ajiye kusan dukan bayanin gado, kamar fada ke nan. Tsakanin cibiya da ganuwa akwai wani ruwa mai kauri, cike da furotin da gishiri iri iri. A cikin ruwan nan kuma akwai waɗansu 'yan abubuwa masu siffar tsiran alade ko gajeren zare, sunansu mitokondiriya. Su ne murhun ƙwaya, domin a nan a ke ƙone abinci da iskar da mu ke shaƙa a sami ƙarfi.

Tun tuni aka san cewa ɗumin jiki daga wannan ƙuna ya ke. A lokacin sanyi na 1782 zuwa 1783, Lavoisier da Laplace na Faransa suka sa ɓeran Masar a cikin wani akwati da suka kewaye da ƙanƙara, suka auna ruwan da ɗumin jikinsa ya narkar. Da haka suka nuna numfashi wata irin ƙuna ce mai tafiya sannu sannu, ba harshen wuta. To, tun da ya ke an san inda murhun ya ke a cikin ƙwaya, ai sai mutum ya so ya san ko gefen murhu ya fi sauran wurare ɗumi.

Wahalar ita ce ma'auni. Dokar awon zafi ita ce ma'auni ya fi abin da a ke aunawa ƙanƙanta nesa, in ba haka ba sai ya shanye zafin da aka ce ya auna. Ku ɗiga ruwan zafi ɗigo ɗaya, sa'an nan ku ɗora masa tabarya mai sanyi. Me ya rage na zafin? Kan tsinken likita kuwa ya fi ƙwaya girma fiye da yadda tabarya ta fi ɗigon ruwa. Saboda haka sai an sami ma'auni wanda zai shiga ƙwaya ya zauna ba tare da ya kashe ta ba, ya kuma iya aiko da labari waje, tun da ba mai iya shiga ya karanto. Dabarar da aka samu haɗin abu biyu ce, rini mai ƙyalli da zare mai naɗewa.

Rini mai ƙyalli

Akwai waɗansu abubuwa waɗanda in aka haska su da haske mai wani launi, sai su mai da haske mai wani launi dabam. Wannan shi na ke nufi da ƙyalli a cikin bayanin nan. Ya bambanta da na ƙwaron nan mai walƙiya da dare, gama shi ƙwaron da kansa ya ke yin wutarsa, shi kuwa rini mai ƙyalli sai an ba shi ya ke bayarwa.

Abin da aka fara gane wannan hali da shi sosai sananne ne gare mu, watau kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro. A 1845 John Herschel ya lura ruwan kwinin, wanda ba shi da launi, ya kan yi wani shuɗi shuɗi in hasken rana ya bugi gefensa. A 1852 George Stokes na Jami'ar Kambirij ya bayyana dalili. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda ke bayan launin ƙarshe na bakan gizo. Kwinin ya kan sha wannan haske, ya mai da shuɗi wanda ido ke gani. Hasken da ya fito kullum ya kan gaza wanda ya shiga ƙarfi, kamar dillali ne, ya karɓi kaya, ya cire la'adarsa, ya miƙa saura. Fitilar nan mai shuɗin haske da a ke duba takardun kuɗi da ita a banki, da wannan hali ta ke aiki.

Daga cikin rinin da masu ilmin haɗa magunguna suka ƙago akwai wani iri mai gudun ruwa. In ruwa ya kewaye shi, sai ruwan ya ƙwace ƙarfin da ya sha, ƙyallinsa ya dushe. In kuwa ya sami wurin fakewa inda ruwa bai taɓa shi ba, sai ya haska sosai. Ku tuna da fitilar aci-bal-bal. A tsakar gida, cikin iska, da ƙyar ta ke ci. A shigar da ita zaure, sai harshenta ya miƙe.

Zare mai naɗewa

Abu na biyu shi a ke kira folima. Folima doguwar sarƙa ce wadda aka yi da ƙananan guntaye iri ɗaya, an ɗinke su ɗaya bayan ɗaya, kamar duwatsun wuya a jikin zare. Roba folima ce, haka auduga, da leda, da sitacin rogo. Hermann Staudinger na Jamus shi ya fito da wannan bayani a 1920. Manyan masana na zamaninsa suka ƙi yarda, sai daga baya gaskiyarsa ta fito, har aka ba shi kyautar Nobel a 1953.

Akwai wata folima da a ke taƙaita sunanta da PNIPAM, mai wani hali na ban mamaki. Mun saba sukari ya fi narkewa a ruwan zafi. Ita kuwa a ruwan sanyi ta ke narkewa, ruwan ya zama garau kamar ba kome a ciki. Da an ɗumama shi ya wuce kamar digiri 32, nan da nan sai ya yi fari fat kamar madara. In ya huce, sai ya koma garau. Heskins da Guillet na Kanada suka yi cikakken bayanin wannan a 1968. Farin ƙwai ma ya kan yi fari in ya ji wuta, amma shi ba ya komawa. Ita folimar nan ko sau nawa aka ɗumama ta aka sanyaya, tana zuwa tana dawowa.

Ga dalilin. Kowane guntu na sarƙar yana da sashi mai son ruwa, da sashi mai halin mai, wanda ba ya shiri da ruwa. Cikin sanyi ƙwayoyin ruwa su kan manne wa sarƙar su riƙe ta a miƙe. Zafi kuwa motsi ne. Da ɗumi ya ƙaru sai ƙwayoyin ruwa su yi ta rawa har riƙonsu ya kwance, sassan nan masu halin mai su taru wuri ɗaya, sarƙar ta naɗe ta zama ɗan dunƙule, ta matse ruwan waje. Wanda ya taɓa zungurar ƙadandoniya da tsinke ya ga yadda ta ke naɗewa, ya ga misalin abin.

Yanzu sai ku haɗa biyun da kanku. A ɗaura rinin nan mai gudun ruwa a jikin sarƙar, nan ɗaya, can ɗaya. Cikin sanyi sarƙa tana miƙe, ruwa ya kewaye rini, ƙyalli ya dushe. Cikin ɗumi sarƙa ta naɗe, rini ya sami zaure, ƙyalli ya tashi. Shi ke nan, an sami ma'aunin zafi wanda a ke karantawa daga nesa da madubin ƙara girma. Seiichi Uchiyama da abokan aikinsa suka buga bayanin irin wannan ma'auni a 2003. A 2009 shi da 'yan'uwansa na Jami'ar Tokiyo suka sa wani irinsa a cikin ƙwaya mai rai. Sai da suka ƙara guntu na uku a jikin sarƙar, mai cajin lantarki, domin ya hana dunƙulen mannewa da juna su zama gudaji a cikin ruwan ƙwaya mai gishiri.

Amon ƙararrawa

Da sauran wata matsala. In aka ga wani wuri a cikin ƙwaya ya fi haske, me zai tabbatar ɗumi ne ya jawo? Watakila folimar ce ta fi taruwa a wurin. Fitila goma marasa ƙarfi ai sun fi guda mai ƙarfi haske.

Maganin da aka yi wa wannan shi ya fi ba ni sha'awa. Ku dubi ƙararrawarmu ta shiga aji. In aka buga ta sau ɗaya, amonta ba ya yankewa nan take, ya kan yi ta raguwa har ya mutu. In aka buga ta alhali wani ya dafa ta da hannu, amon ya kan mutu da wuri. Tsawon amon bai dogara ga yawan ƙararrawa ba. Ko guda aka buga ko goma tare, in dai iri ɗaya ne, ƙarar ce za ta bambanta, amma saurin mutuwar amon ɗaya ne.

Haka rini mai ƙyalli ya ke. In aka watsa masa haske farat ɗaya aka ɗauke, ƙyallinsa ya kan ɗan jima kafin ya mutu. Jimawar ba ta wuce 'yan kashi kaɗan cikin biliyan na sakan ba, amma akwai na'urar da ke iya auna ta. Ruwa shi ne hannun da ke dafa ƙararrawa. Sarƙa a miƙe, ƙyalli ya mutu da wuri. Sarƙa a naɗe, ƙyalli ya daɗe. Saboda haka maimakon a auna yawan haske, sai a auna daɗewarsa a kowane ɗigo na hoton ƙwaya, a shafa wa kowane ɗigo launi gwargwadon abin da aka samu. Abin da zai fito taswira ce ta ɗumi, irin wadda mu ke gani a littafin labarin ƙasa, inda a ke nuna wurare masu zafi da ja, masu sanyi da shuɗi.

Amma kafin daɗewar ƙyalli ta zama digiri, sai an gwada ma'aunin da zafin da aka riga aka sani. Masanan suka farfasa ƙwayoyi masu yawa, suka tace ruwansu, suka zuba folima a ciki, suka riƙa ɗumama shi mataki mataki suna rubuta daɗewar ƙyalli a kowane mataki. Da wannan jadawali su ke fassara abin da suka gani a cikin ƙwaya mai rai. Ku riƙe wannan magana, gama a kanta rabin gardamar ya ke.

Abin da aka gani

A 2012 Kohki Okabe da Uchiyama da abokan aikinsu suka buga taswirar farko. Ƙwayoyin da suka yi aiki da su irin waɗanda a ke reno a cikin faranti ne a ɗakin bincike, asalinsu daga ƙodar wani biri na Afirka. Suka ɗura musu folima da wata allurar gilashi siririya ƙwarai, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Ma'aunin yana iya rarrabe wurare biyu da ke tsakanin nanomita 200, watau milimita ɗaya a raba ta 5,000. Wajen zafi kuma, bambancin da ya ke iya ganewa daga digiri 0.18 ne zuwa 0.58.

Taswirar ta nuna ɗumi ba ɗaya ba ne ko'ina. Cibiya ta fi ruwan da ke kewaye da ita da digiri 0.96 a matsakaici, kusan digiri guda ke nan. Bambancin ya fi yawa a farkon rayuwar ƙwaya bayan ta rabu da 'yar'uwarta, ya kan ragu sa'ad da ta shiga shirin sake rabuwa. Wani ɗan ɗigo kusa da cibiya, wanda ke tsara rabuwar ƙwaya, shi ma ya nuna ɗumi. Haka kuma gefen waɗansu mitokondiriya. Da suka zuba wani magani mai sa mitokondiriya su yi ta ƙone abinci ba tare da ajiye ƙarfin ba, kamar motar da a ke taka wa totur alhali ba ta cikin giya, sai ma'aunin ya nuna ɗumi ya hau.

Aikin allura yana da wuya, ga cin lokaci, ƙwayoyi masu taurin ɓawo irin na yisti kuwa ba su huduwa da sauƙi. A 2013 aka fito da wata folimar mai wani irin caji wanda ke sa ta ratsa ganuwar ƙwaya da kanta, sai dai a zuba ta a cikin ruwan da ƙwayoyin ke ciki a ɗan jira.

Gardama

To, an ce gani ya kori ji. Amma a 2014 Guillaume Baffou da abokan aikinsa uku a Faransa suka ɗauki alli suka yi lissafi, suka ce abin da aka gani ba zai yiwu ba.

Hujjarsu mai sauƙi ce. Kowa ya sani koko a ludayi ya fi na cikin tukunya saurin hucewa. Gwargwadon ƙanƙantar abu, gwargwadon saurin tserewar zafinsa. Ƙwaya kuwa ga ta ƙanƙanuwa, ga ta tsundum cikin ruwa, ruwa kuma gwanin kwashe zafi ne. Wutar da ƙwaya guda ke iya yi an san kimaninta tuni: sai an tara irinta wajen biliyan 10 kafin a sami wat ɗaya. Da suka haɗa wannan ƙarfi da girman ƙwaya da saurin da ruwa ke kwashe zafi, sai lissafi ya ba su cewa ƙwaya ba za ta iya ɗumama kanta fiye da kashi 1 cikin 100,000 na digiri ba. Masu awo suna cewa digiri ɗaya, masu lissafi suna cewa kashi ɗaya cikin dubu ɗari. Wannan ba ɗan kuskuren mudu ba ne.

In haka ne, me folimar ta gani? Masu lissafi suka ce a tuna ba zafi kaɗai ke sa sarƙa ta naɗe ba. Yawan gishiri yana taɓa ta, haka kaurin ruwa, da cunkoson furotin. Cikin cibiya kuwa ba daidai ya ke da wajenta ba wajen waɗannan abubuwa, jadawalin fassara kuma da ruwan ƙwaya da aka gauraya aka yi shi. Mai yiwuwa ne ma'aunin ya ji cunkoso, aka karanta shi da sunan ɗumi.

Sa'ad da na ke aikin gwajin koyarwa na nuna wa yaran ajina wani abu da ke bayyana wannan sarai, kowa kuma yana iya yinsa. Na zuba ruwan tonik, wanda ke da ɗan kwinin a ciki, a kofin gilashi biyu, muka rufe tagogi, na haska su da fitilar duba kuɗi. Dukansu suka yi shuɗi. Sa'an nan na sa wani yaro ya zuba gishirin miya cokali guda a kofi ɗaya ya motsa. Nan take shuɗin ya dushe, na ɗaya kofin kuwa yana nan. Na ce su taɓa kofunan. Suka taɓa, suka ce sanyinsu ɗaya. Ashe ƙyalli yana iya sakewa ba tare da zafi ya sake ba.

Masu awo ba su yi shiru ba. A 2015 suka ba da amsa, suka ce cikin ƙwaya ba ruwan rijiya ba ne, cike ya ke da fatu da zaruruwa da furotin, ba a kuwa tabbatar zafi yana ratsa shi kamar yadda ya ke ratsa ruwa ba. Suka ce kuma wutar ƙwaya ba a shimfiɗe ta ke ba, ta kan tashi a ƙananan wurare, lokaci lokaci. Har wa yau, waɗansu irin ma'aunai da ba su da dangantaka da folima, kamar furotin mai koren ƙyalli wanda ƙwaya ke yi da kanta, su ma sun nuna ɗumi yana tashi a gefen mitokondiriya. A 2018 ma waɗansu masana a Faris, da wani rini dabam, suka ce cikin mitokondiriya yana kusa da digiri 50. Wannan ya ƙara wa gardamar wuta.

Sai aka koma ga auna abin da a ke jayayya a kansa. Tun a 2013 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna ana iya awon zafi a cikin ƙwaya da ƙurar lu'ulu'u mai ƙyalli, wadda gishiri da cunkoso ba su cika damunta ba, domin abin da ke ƙyallin yana kulle a cikin dutse. A 2021 masana a Osaka tare da abokansu suka lulluɓe irin wannan ƙura da wani abu mai ɗaukar zafi in an haska shi, ta zama murhu da ma'auni gaba ɗaya. Da ita suka auna saurin tafiyar zafi a cikin ƙwaya, suka samu kamar kashi ɗaya ne cikin shida na saurinsa a ruwa. Kun ga masu awo suna da gaskiya cewa ƙwaya ta fi ruwa riƙe zafi. Amma ku raba 100,000 da 6, za ku ga ragowar ta fi 16,000. Ramin ya ragu, bai cike ba.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, in aka ɗumama ƙwaya daga waje, ma'aunan nan suna bin hawan zafi da saukarsa daidai. Inda a ke ja shi ne ko ƙwaya da kanta tana iya riƙe bambancin digiri guda tsakanin ɗakunanta.

Ina amfanin wahalar?

Watakila wani ya ce, duk wannan a kan digiri ɗaya? To, ai mun ga abin da digiri biyu ke yi wa mutum. Kusan kowane aiki na cikin ƙwaya yana ƙara sauri in ɗumi ya ƙaru, har ya kai inda furotin zai lalace. Ƙwan kada, ɗumin ramin da aka binne shi ne ke yanke ko namiji za a ƙyanƙyashe ko mace, bambancin kuwa 'yan digiri kaɗan ne. Jariri sabon haihuwa ba ya iya rawar ɗari sosai, da wani kitse mai ruwan ƙasa ya ke ɗumama jikinsa, wanda ke cike da mitokondiriya masu mai da abinci zafi kai tsaye. Masu binciken ƙiba da ciwon sukari suna so su ga lokacin da irin waɗannan ƙwayoyi ke kunna wutarsu. Likitocin ciwon daji kuma suna da wata hanya ta ɗumama ƙari ya wuce digiri 40 domin ya raunana, suna kuwa bukatar sanin zafin da ya kai ga ƙwayar kanta. In kuma ta tabbata ƙwaya tana da ɗakuna masu ɗumi dabam dabam, to, lalle sai an sake rubuta babi da yawa na littattafan ilmin halitta. In ba ta tabbata ba, an dai gano folimar tana jin wani bambanci na gaske tsakanin cibiya da wajenta, sai a nemi sunansa.

Ga abin da na ke roƙon 'yan'uwana da za su fita koyarwa bana. Yawancin makarantun da za a tura mu ba su da madubin ƙara girma, amma da wuya a rasa tsinken awon zafi ko guda. Kafin ku sa yara su auna kome da shi, ku sa su auna shi kansa tukuna. Su tsoma shi cikin ƙanƙara mai narkewa su ga ko ya nuna 0. In irin na ɗakin kimiyya ne mai kaiwa sama da 100, su tsoma shi cikin ruwa mai tafasa, ku kuna tsaye a kansu. Wanda aka tura Legas ko Kalaba zai ga kusan 100. Wanda aka tura kan tudun Jos zai ga kamar 96, domin iskar kan tudu ba ta danne ruwa kamar ta bakin teku. Yaro zai so ya goge 96 ya rubuta 100, don haka littafi ya ce. Kada ku bar shi. Ya rubuta abin da ya gani, ya rubuta abin da littafi ya ce a gefe, sa'an nan ku zauna tare ku bincika ko tsinken ne da laifi, ko idon yaron, ko kuwa akwai wani dalili da ba ku lura da shi ba. Aikin da masanan Tokiyo da na Faransa ke yi ke nan tun 2014.